Uwar Maƙera ta Gilashi

Gilashin ya fito daga wuta jajur, yana ɗiga kamar zuma a bakin sandar ƙarfe. Jibrin ya juya shi, ya daddanna, har siffar uwar maƙera ta fito sak irin ta mahaifinsa a Damagaram, da ɗan lotsawar da guduma ta yi mata a gefe. Sai hannunsa ya zarce da ita cikin bokitin ruwa. Ta yi ƙara, ta tarwatse.

To, ɗan maƙera ne. Tun yana yaro ya saba duk ƙarfen da ya yi ja, ruwa ake kai shi. Shekarunsa a wannan ma'aikatar fitilun gilashi ta Port Richmond, can ƙasar waje, ba su raba hannun da halinsa ba, balle yanzu da hankali ba ya jikinsa. Tsohon nasa ya rasu, an binne shi kafin labari ya ƙetaro teku. Jibrin bai ga gawa ba, bai ɗauki makara ba. Abin da yake so kawai shi ne ya ƙera wannan abu ɗaya ya ajiye a ɗakinsa, ya samu inda zai riƙa kai ido.

Ado, direban ofishin jakadanci, yana tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makulli.

"Malam Jibrin, mutane fa sun cika falon maigidana Alhaji a unguwar Mount Hope tun azahar. Alhaji ya baro ofis saboda kai. Matarsa Hajara ta yi waina har ta huce. Za a yi wa mahaifinka addu'a, kai kana nan kana fasa kwalabe?"

"Ba kwalba ba ce."

"Ko ma mene ne. Kowa ya yi rashi, ya yi haƙuri, ya tashi. Ka sa riga mu kama jirgin ruwa."

Jibrin ya koma bakin wuta. Ya sake ɗebo narkakken gilashi, ya yi ta juyi gumi na zuba a idonsa. Siffar ta dawo, lotsawar ma ta dawo. Hannu ya fara karkata wajen bokiti. Ya sa ƙafa ya hamɓare bokitin, ruwa ya malale har kan takalmin Ado.

"Kai, lafiyarka kuwa?"

Jibrin ya kai uwar maƙerar tanderun da ake barin gilashi ya huce a hankali, ya rufe.

"Shi ke nan, an gama? Ɗauko ta mu tafi."

"Ba a buɗewa sai jibi. Kuma sai na zauna ina rage wuta."

"Jibi? Me zan ce wa Alhaji?"

"Ka ce su yi addu'ar. Tana isa Damagaram ko ba ni."

Ado ya yi tsaki, ya karkaɗe takalmi ya fita. Jibrin ya jawo benci gaban tanderun, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu.