Ƙafafun Gadon Jaririya

Wakil ya sauke kwalin a kan teburin kafinta, ya zaro abin da ke ciki ya ware shi yana washe baki. Gadon jarirai ne na raga da siraran ƙarafa, irin wanda ake naɗewa kamar lema. Da safen nan ya sayo shi a kasuwa.

"Dubi ikon Allah, Oga Jerome. Nan da nan ka naɗe ka rataya a kafaɗa. Ƙusa ɗaya ce ke rawa, ita nake so ka ɗaure mini."

Jerome ya shekara ashirin yana fama da katako a unguwar Herwagana, kuma ba mutum ba ne mai gaggawar magana. Ya ɗora tafin hannu a gefen gadon, ya ɗan danna. Gadon ya rufe ruf, ya cafke masa hannu har wuya.

"Wannan hannuna ne, Malam Wakil. Da 'yarka ce fa?"

Wakil ya yi sauri ya buɗe gadon ya zare masa hannun. Kwana huɗu ke nan da aka yi wa matarsa Yakura aiki aka ciro musu 'ya mace, jawur da ita, mai kuka kamar ta haɗiyi lasifika. Tun ranar bakinsa bai rufu ba don murna. Gobe za a sallame su daga asibiti. Wata nas ta ja masa kunne sosai: magungunan da Yakura ke sha suna sa barci mai nauyi, kada a kuskura a kwantar da jaririyar a shimfiɗa ɗaya da ita. A nema mata nata gadon, a manne da na uwar.

Shi kuwa Wakil, komai ya gani yana naɗewa to ya gama da shi. Tun da suka gudo daga Bama shekara uku da suka wuce, daga su sai kayan jikinsu, bai ƙara sayen abin da ba zai ɗauku a ka ba. Ba don babu ba, cinikin huluna ya karɓe shi a Gombe. Amma ka leƙa ɗakinsu a unguwar Manawashi, katifa ce a ƙasa, sai tabarma da risho da bokitan roba. Yakura kan tsokane shi ta ce fasinja ta aura, har yau suna tasha suna jiran mota.

Jerome ya ja shi bayan rumfa, ya nuna masa wani ɗan gado da bai ƙarasa ba. Gefe uku ne da sanduna, na huɗun a buɗe, don a jingina shi da gadon uwa a ɗaure. Ya ɗauko gwangwanin madara ya tura tsakanin sandunan, ya ƙi wucewa.

"In wannan bai shiga ba, kanta ba zai maƙale ba. Ban sa fenti, warinsa ba ya yi wa jariri kyau. Katifa mai tauri za ka sa, kuma ban da filo, ko tsohuwarka ce ta kawo."

Wakil ya yi dariya. Ya shafa katakon, sumul, ya ji abin ya kwanta masa a rai. Ya gwada ɗagawa, ya dire da sauri.

"Kai! Wannan ai sai mutum biyu."

"Shi ya sa ba ya kifewa." Jerome ya zaro fensir daga bayan kunne. "Saura ƙafafu. Dole ya zo daidai da naku, ba sama ba ƙasa, uwa ta miƙa hannu kawai ta jawo ta. Tsawon gadonku nawa?"

Wakil ya sosa ƙeya. "A ƙasa muke kwana."

Jerome bai nuna mamaki ba, ya sha ganin mutanen Borno. Ya kifar da ɗan gadon, ya ja layi can kusa da gindin ƙafar, ya ɗauki zarto.

"To, sai in guntule su daidai katifa. Amma mace da ɗinki a ciki, kullum ta riƙa tashi daga ƙasa, za ta ji jiki. Kuma ka sani, in na yanke ba ya komawa."

Ya ɗora haƙoran zarton a kan layin, ya tsaya yana jira.

Wakil ya ƙura wa layin ido. Tsoro yake ji, kuma ya san ko na mene ne. Ya taɓa yin ɗaki mai gado da kujeru, ya fita ya bar shi ko rufe ƙofa bai yi ba. Ba ya son ya sake mallakar abin da zai waiwaya ya kalla. Sai ya tuna jiya a asibiti, yadda Yakura ta cije leɓe ta dafa kafaɗarsa kafin ta iya sauko da ƙafa ɗaya, daga kan gado ma ke nan. Duk da haka da ta kalli 'yar sai da ta yi murmushi.

"Dakata, Oga. Wancan babban gadon da na gani a bakin rumfa, an yi masa magana?"

Jerome ya ɗaga zarton. "Ba a yi ba. Amma in gaya maka gaskiya, in ya shiga ɗaki sai an cire ƙyaure kafin ya fito."

Wakil ya gyara zaman hularsa.

"Auna ƙafafun da shi. Mu dai mu shigar da shi kafin la'asar."