Kafin a Wanke Kwamfutar

"To wai wanne za a sa maka, Famiy ko Pro?"

Muryar Haris ce, mai gyaran waya na bakin tasha, ta tsallako katanga. Rahinatu tana tsugune a gindin aduwa tana damun fura, sai ludayin ya tsaya mata a hannu. Tambayar nan dai. Tun gero yana tsaye a gona ake yin ta a fadar ƙofar gida, ga shi an yi girbi, an cika rumbu, har shanun makiyaya sun gangaro suna kiwo a gonaki... tambayar tana nan inda aka bar ta.

Maigidanta, Hamidu, ake tambaya. Abin da take ji kawai shi ne shayi ana zubo shi daga sama, kofi zuwa kofi.

Ita ba ta yi nisa a lakwal ba, aji uku ta yi a ƙauyensu na wajen Ollelewa aka cire ta. Amma kunne ba ya buƙatar aji. Ta ji bayanin nan har ta haddace shi. Wai akwai wani abu a cikin kwamfuta, Windows, in babu shi kwamfutar akwati ce kawai. Na cikin tasu ya tsufa, sabon wasan ƙwallon da samari ke yayi ba ya hawa kansa. Sai an sayo sabo. Sabon kuma iri biyu ne, Famiy na gida da Pro na ma'aikata. Haris ya faɗa, ya sake faɗa, ya rantse: in don wasa ne duk ɗaya ne, ɗan wasan da ke cikin Pro ba ya fin na Famiy gudu, ƙwallo ba ta fin shiga raga. Abubuwan da aka ƙara wa Pro na masu ofis ne, masu kulle takardu. Dillalin dabbobi me zai kulle?

Amma Hamidu sai ya ce bari ya ƙara tambaya. Ya tambayi wani malamin makaranta. Ya tambayi wani direban Agadas. Ya dawo ya ce an ce masa Pro ya fi ƙarko. Washegari ya ce a'a, an ce ya fi nauyi.

Mutumin da... kai. Mutumin da ke kallon rago sau ɗaya a kasuwa ya faɗi abin da ke damunsa a ciki. Wanda ranar da ya zo ganinta bai ko zauna ba ya ce wa kawunta ya gani, ya yarda.

Yanzu Abdu ne ke magana, abokinsa na yarinta, mai bakin tsiya. Yana cewa shi bai taɓa ganin ruwan ido irin wannan ba, ko mace ake zaɓa ai da yanzu an yi suna. Dariya ta tashi — ta yanke. Wani ya yi tari. Wani ya ce a miƙo sukari.

An yi suna. Ai an yi.

Rahinatu ta ci gaba da dama furar. Gaya ɗaya ya ƙi narkewa, tana danna shi da bayan ludayi, yana zillewa.

Ba zaɓin ne ya dame ta ba, su sa duk wanda suka ga dama. Abin da Haris ya faɗa ran farko ne. Ya ce kwamfutar cike take da cuta, ba zai ɗora sabo a kan ruɓaɓɓe ba, sai ya wanke ta tas, kome da ke ciki ya tafi. Sannan ya yi tambaya, tana nan gindin aduwar nan ta ji shi, ko akwai abin da za a cire a ajiye a ɗan kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kafin a wanke.

"Babu kome a ciki," in ji Hamidu.

Babu kome.

Akwai tabarma. Akwai inuwar bishiyar nan, ita wannan ɗin, tana motsi a kan tabarmar. Akwai yarinya zaune an tokare ta da matashin kai, ta fara zama ke nan, kai yana rinjayar ta. Haƙoran ƙasa sun ɓullo. Ɗan akuya ya matso yana shinshinar ƙafarta, ta kai hannu ta cafke masa kunne, ya fizge, sai ta yi dariyar nan mai kama da shaƙuwa... Jibrin ne ya ɗauki bidiyon, ƙanen Hamidu, da wayarsa. Shi ya zuba a kwamfutar kafin ya tafi Aljeriya ya bar wa wansa ita. Wayar ta lalace a hanya, ya faɗa da kansa. Saura wannan. Duk duniya saura wannan.

Kuma a gefen hoton, can ƙurya, ƙafafu biyu kusa da turmi. Nata ne. Ta juya baya tana daka.

To da me za ta yi? Ƴar fari ce. Ba a kallon ɗan fari a gaban surukai, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. Haka uwarta ta yi da yayanta, haka kakarta. Inna Tabawa, uwar Hamidu, tana zaune a bakin ɗakinta ranar, tana tsinkar zogale. In yarinyar ta yi kuka sai an ce, ke Rahinatu ba kya ji ne, sannan ta zo ta ɗauka kamar an tilasta mata. Sai cikin ɗaki, in an saki labule, ta sa hanci a wuyan yarinyar ta yi ta shaƙa. Ko a can ba ta kira sunan ba. Ke, take cewa. Ke ƴar nan.

Ke ƴar nan, da na san ana ɗauka da na juyo...

Zazzaɓin tsakiyar damina. Jiki kamar garwashi, a goye zuwa likita, a goye a dawo. A hanyar dawowa ne goyon ya sauya nauyi, ta ji, ba ta tsaya ba, ba ta ce wa kowa kome ba har gida. Maza suka ɗauka a tabarma suka fita. Ba ta san wajen ba, mata ba sa zuwa. Da masu gaisuwa suka cika gida, Inna Tabawa tana ta faɗa musu, yarinyar nan ƴar gidan mutunci ce, ko ɗigon hawaye ba ta bari an gani ba. Mata suna gyaɗa kai. Ana sa mata albarka.

An yabe ta. Yanzu ta yaya wadda aka yaba za ta buɗe baki ta ce a bar mata hoton?

Kuma in ta ce, sai a ce ta yaya kika san yana ciki. Wa ya koya miki buɗewa? Ba wanda ya koya mata. Yatsun Hamidu ta kalla, tana shara, tana kawo ruwa, tana yi kamar ba ta gani. Maɓallin gefe. A jira. Ɗan faifan da ake shafawa da yatsa, kibiya ta tafi kan jaka mai ruwan ɗorawa, a danna sau biyu da sauri. Ran kasuwa, in ya fita, in Inna ta tafi unguwa. Ta rage murya har sai ta kanga kunne. Kullum sai ya kai ƙarshe, sannan ta rufe da ɗan jan nan na sama, ta mai da zanen rufi yadda yake, ta goge wurin da yatsanta ya taɓa.

Kamar ɓarauniya. A ɗakinta, ƴarta.

Shi kuwa ƙwallo. Tun bayan rasuwar, ƙwallo. Ya dawo daga kasuwa, ya ci abinci, ya juya wa ƙofa baya, ya toshe kunnuwa da ƴan wayoyin nan. Wasu mutane ƙanana suna gudu a kan ciyawar da ba ta taɓa ganin irinta ba a Damargu. Bai taɓa ce mata kin tuna ba. Bai taɓa cewa yau da tana nan da ta fara tafiya. Maza haka suke? Su binne, su karkaɗe hannu, su nemi sabon wasa? Wani lokaci in ta kalli ƙeyarsa sai ta ji kamar ta ɗauki kwamfutar ta... astagfirullah. A ciki take. Ina za ta jefa ta?

Raishatu fa? Matar Haris. Suna haɗuwa a famfo, tana da kirki, takan ɗora mata tulu. Kalma ɗaya: ki ce wa maigidanki akwai wani ɗan bidiyo, ya cire kafin ya wanke. Shi ke nan. Amma Raishatu ba ta iya riƙe magana, ba don mugunta ba, zuba take kamar ƙwarya mai tsaga. Kafin magariba an ji a famfo, kafin isha an ji a fada. Matar Hamidu tana buɗe masa kwamfuta in ya fita. Matar Hamidu tana zama tana kallon ƴar fari. Abdu ya samu abin faɗa. Inna ta ji a bakin mutane...

"Ni dai gobe da motar safe zan shiga Damagaram," muryar Haris kuma. "Can zan saya, can zan sa. In ka yanke, ka ba ni ita yau. In ba ka yanke ba, wallahi ka nemi wani, na gaji."

Gobe.

Furar ta yi ruwa, ta zuba nono fiye da kima ba ta sani ba. Hamidu yana cewa wani abu ƙasa-ƙasa, ba ta kama ba. An kira la'asar. Buta tana ƙara, takalma suna jan ƙasa, muryoyi suna nisa. Inna tana ɗakinta, tana jin jan carbinta.

Ba ran kasuwa ba ce. Ba ta taɓa yi yana gari ba. Amma in gobe ne... sau ɗaya. Ta ji dariyar sau ɗaya, ta zuba ta a kunne da kyau yadda za ta zauna. Domin abin da ba ta gaya wa ko kanta ba shi ne, fuskar ta fara gudu. In ta rufe ido ba yarinyar take gani ba, bidiyon take gani. Ƙamshin wuyan ya tafi tuni. In aka wanke wannan, me zai saura? Nauyin goyo?

Ta shiga ɗakin. Da duhu-duhu, da zafi. Kwamfutar tana kan akwati, zanen rufin a karkace, ba yadda take mai da shi ba. Da hantsi Hamidu ya zauna da ita kafin baƙi su yi sallama, ya tashi da sauri. Ta ɗaga murfin. Ba ta kai ga maɓallin ba, sai haske ya kawo da kansa.

Tabarma. Inuwar aduwa, a tsaye cak. Yarinyar, baki a buɗe.

Ba ita ta bar shi a nan ba. Ita tana kaiwa ƙarshe, tana rufewa. Kullum.

An tsai da shi ne a tsakiya, bayan ɗan akuyan ya gudu. Daga gefen dama wani hannu ya shigo, hannun namiji, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Yarinyar ta kama babban yatsan da hannu biyu za ta kai baki. Rahinatu ta san wurin nan. Ta san abin da ke biye, in aka saki hoton ya ci gaba: murya ƙasa-ƙasa, don kada Inna ta ji, kada Jibrin ya yi masa dariya. Hafsatu. Sau ɗaya ya faɗa. Shi ma ƴar farinsa ce.

Ta ɗaga ido. Abin buga wasan yana rataye a ƙusa, wayarsa a naɗe, naɗin da ta yi masa da hannunta ranar da ta share yanar ɗakin. Yaushe ne ma? An daɗe. Ƙura ta kwanta a kansa.

To duk zaman nan da yake yi, baya ga ƙofa, kunne a toshe...

Ta zauna a bakin gado. Malamin makaranta. Direban Agadas. Yau ya fi ƙarko, gobe ya fi nauyi. Ashe ba ruwan ido ba ne. Ranar da ya zaɓa, ranar za a wanke. Abokansa ne suka matsa masa da sabon wasa, ya ce to. Aka tambaye shi a gaban Abdu, a gaban samarin fada duka, ko akwai abin cirewa — me zai ce? Akwai ƴata? Ya ce babu kome, maganar ta fita, ba ta komawa. Shi ma bai iya cirewa da kansa ba, buɗewa kawai ya iya. Kamar ita.

Yatsanta yana kan faifan. Dannawa ɗaya, dariyar ta fito, sunan ya fito.

In ta danna, hoton zai wuce wurin. Ba ta san yadda ake mai da shi daidai inda yake ba. Zai dawo daga masallaci ya ɗaga murfi ya ga an taɓa. Zai san ta gani. Ba kallonta zai sani ba kawai, zai san ta ga nasa. Mutumin da ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa da busasshen ido, yana cewa Allah ne ya ba mu, shi ya karɓa. Da wane ido zai karɓi fura daga hannunta? Da wane ido za ta miƙa?

Ko kuwa in ya sani ne za su... a'a. Ba ta san yadda ake fara irin wannan magana ba. Ba wanda ya taɓa yin ta a gabanta.

Wataƙila anjima ya naɗe kwamfutar a zane ya miƙa wa Haris. Wataƙila ya ce a bari sai wani zuwan. Wataƙila a hanya, su biyu kawai, bakinsa ya buɗe. Ba ta sani ba. Ta gaji, gajiya irin ta wanda ya yi daka tun safe aka ce masa ba wannan hatsin ba ne.

Ta kalli yatsun nan ƙanana a kan babban yatsan, ta kalla har idonta ya yi zafi. An sallame salla, tana jin muryoyi suna dawowa ta lungu.

Ta janye hannunta. Ta sauke murfin a hankali, ta ja zanen ta karkata shi yadda ta same shi. Ba Raishatu, ba Inna, ba uwarta in ta je gida. Shi ma ba za ta gaya masa ba.