Kujerar Gaba

Bokitin ruwan sanyi na hannun Sajan Lubinda lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya dira a filin 'yan sanda. Al'adar wurin ce, duk sabon matuƙi sai an sheƙa masa ruwa ranar da ya fara sauka, kuma don tsabar mugunta shi aka miƙa wa bokitin.

Ƙaninsa Sitali ne ya fito, sai sheƙi yake cikin kayan matuƙa.

Gurbi shida gwamnati ta saya a wata makarantar koyon tuƙin jirgi. Lubinda ne ya zo na ɗaya a jarrabawa, shi da ya shekara tara a kujerar baya yana leƙen ɓarayin shanu. Da sunaye suka fito, babu nasa. Akwai na Sitali, wanda ya auri 'yar mataimakin kwamishina, wanda Lubinda ya koya wa lissafi da ƙwayar masara. Bana kuma shekarun Lubinda sun haura ƙa'ida.

Ya kwara masa ruwan har da ƙarfin da ba a nema ba. Aka yi ta tafi.

* * *

A gida tsohuwarsu ta tuƙa nshima, tuwon masara, ta ɗora wa Sitali kan kifi, rabon da tun rasuwar mahaifinsu na Lubinda ne.

"Ci, direban sama! Kai kuma Lubinda, ka saki fuska mana, kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa."

Bayan an wanke hannu Sitali ya ja shi gindin mangwaro.

"Yaya, wallahi tsoro nake ji."

"Tsoron me, surukin manya?"

"Bar zolaya. Takardata ta ce awa ɗari da hamsin na yi a sama. Arba'in na yi. Makarantar ta abokin surukina ce, jirgi ɗaya gare su, shi ma rabin lokaci yana kwance. Gobe kuma an ce mu tafi Mongu kwaso mutanen da ambaliya ta tare."

Wani daɗi ya ratsa Lubinda, mai ɗumi, mai ban kunya. Ashe holoƙo ne! Kalma ɗaya a ofis ta isa ta tuɓe wa yaron nan kayan. Sai dai wanda zai kai wa ƙarar shi ne mataimakin kwamishinan, surukin Sitali, ga kuma tsohuwa can tana rera waƙar coci tana goge wa ɗanta takalmi.

"Ka faɗa wa matarka?"

"Kai kaɗai na faɗa wa."

* * *

Da safe Lubinda ya wuce ƙofar ofis bai ko kalle ta ba. Ya hau kujerarsa ta baya, ya ja bel ya ƙara tsukewa. Ta tsakanin kujeru yana hango hannun Sitali a kan sandar tuƙi, yana rawa.

Jirgin ya ɗaga a karkace. Lubinda bai ɗauke ido daga hannun ba. Ko a haka, da rawar da komai, so yake a ce nasa ne.