Wurin Da Yarinyar Ta Rubuta Shiru

…kuma ba sanyi ake yi ba, balle in ɗora wa sanyi laifi. To me ya kawo rawar hannun nan? Ni ce fa, Darakta. Ni, Uwar Rigima, da na tsufa a kan dandamali, da in na leƙo kai kawai 'yan kallo ke riƙe ciki — yau ga ni a bayan labule kan kujerar roba, rungume da tsohon rediyo. Da kana raye da ka yi mini dariya har ka sarƙe. Allah ya jiƙanka, na san da ka yi.

Ɗakin ya cika. Da rana tsaka, ranar hutu, mutane sun baro gidajensu sun zo kallon wasannin yaran da ko sunansu ba a sani ba. Sababbin marubuta ne, gajerun wasanni, kowa ya kawo nasa. Ana gama wannan a janye tebur a shigo da benci, sai na gaba. Nawa ne na uku. A'a… ba nawa ba ne. Na yarinyar da ta rubuta shi ne. Sai na riƙa tuna wa kaina, na yarinyar ne, aro aka ba ni.

Akwai wata 'yar ɓula a jikin labulen, daidai idona. An fara na farko.

Maza biyu a barandar asibiti, soket ɗaya a bango, waya biyu duk sun mutu. Shi ke nan kayan wasan fa! Suna ta musun wa ya riga wa zuwa. Ana dariya, ni ma ina yi, ƙasa-ƙasa don kar mai fitila ya harare ni. Ɗaya matarsa ce ke naƙuda a ciki. Ɗayan… af. Ɗayan mahaifinsa ne, kuma likita ya riga ya ce a kira 'yan'uwa. Dubi yadda mai jiran haihuwar ya tsaya. Dubi hannunsa — ya zare wayarsa, ya miƙa wa ɗayan wayar cajin, bai ce komai ba, ya koma ya zauna can ƙarshen benci. Kai! Wa ya koya wa yaron da ya rubuta wannan? Na gan shi ɗazu, ko gemu bai gama tsiro masa ba, takalminsa ɗaya igiyar a kwance. A ina ya san cewa nan ne wurin da ba a magana?

Mu da mun cika wurin da surutu. Ka san haka, kar ka musa daga inda kake. Da ni ce matar wancan da na faɗo daga ɗakin haihuwa da zage-zage, a tashi kowa na share hawayen dariya.

Mu ai ba mu san takarda ba. Ka tara mu a bayan ɗaki, hularka a karkace, ka ce, "Ke matata ce, na dawo hannu rabbana, sauran ki ji da shi." Shi ke nan labarin. Sauran a bakinmu yake, a gaban mutane muke ƙera shi da zafinsa. Doka ɗaya ka kafa mana: kar a bar wuri ya huce. Kika ji shiru, jefa wani abu, ko tari ne, ko zagi, ko ki zame ki faɗi. Na jefa, Darakta. Shekara da shekaru ina jefawa, har harshena ya daina neman izinina. Kuma ba na raina shi, da shi na aurar da 'ya'yana, da shi aka san ni a kasuwa har ake ƙara mini tumatir.

Tafi. Sun gama. Ka ji tafin? Ba irin namu ba ne mai ihu da fito — wannan a hankali ya taso, kamar sai da suka tuna suna da hannu.

Ranar da yarinyar ta zo gidana, takalmanta ta cire tun daga ƙofar falo, ta durƙusa, tabarau na zamewa a hancinta tana turawa. Tabarau nake kiran ta tun ranar, ta kuma amsa. Na ɗauka tallan sabulu ne, don masu talla kaɗai suka rage masu tunawa da ni, in fito in yi wa wata masifa a kan wanki. Ta ce ta rubuta wani ɗan wasa na mutum ɗaya, wai muryata take ji a kunnenta lokacin da take rubutawa. Na ce to wa zan zaga? Ta ce ba kowa, Mama. Wa zai zage ni? Ba kowa. Na ce 'yar nan, to me mutane za su zo kallo, fuskata? Ta ce e.

E. Haka kawai, ido cikin ido. Rabon da wani ya ce yana son fuskata ba bakina ba… an ma taɓa yi kuwa? Da ta tafi na zauna da takardun a cinya, na kasa tashi in kunna wutar girki. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, irin daɗin da ke sa mutum jin kunya.

Na biyu ya shiga. Saurayi shi kaɗai da madubi. Gwajin yadda zai gaya wa babansa an sallame shi daga aiki yake yi. Ya gwada da fara'a, bai yi ba. Ya gwada da turanci, ɗakin ya fashe. Ya gwada da kuka, shi kansa ya tsaya ya duba ko kukan ya yi kyau a madubi — ja'iri! Wannan yaron zai yi nisa. Ga wadda ta rubuta can a ɗaya gefen labulen, da goyo a bayanta, tana jijjiga ɗan tana motsa baki tare da saurayin, kalma bayan kalma. Ta haddace duka. In ya tsallake ɗaya sai ta runtse ido kamar an taka mata ƙafa.

Ka gani? Abin da ban sani ba ke nan sai da na tsufa. Kowace kalma akwai mai ita. Akwai wanda ya hana idonsa barci a kanta, ya goge, ya mayar, ya sake gogewa.

Yanzu kuma ya daina kwaikwayon kansa, uban yake kwaikwaya. Ya ranƙwafa, ya sassauta murya, yana ce wa madubin, ba komai ɗana, zo ka ci abinci. Shi yake gaya wa kansa abin da yake fatan ji… Haba yaran nan. Haba. Za ku lalata mini kwalli tun ban fita ba.

Nawa — nata — ba shi da wuya a faɗe. Wata dattijuwa ce ta je shagon mai gyara karɓar rediyon mijinta. Shi ya kai da kansa, ya ce zai dawo. Bai dawo ba, an binne shi. Mai gyaran bai sani ba. Ba a ganin mai gyaran, ni kaɗai ce da benci. Ina ta hira, tsadar batir, ciwon ƙafa, yadda mijin ke kwana da rediyo a kunne. Sai in ɗaga kai kamar an tambaye ni, in ce, "Ina maigidan, ka ce?" A ƙarƙashin wannan layin yarinyar ta rubuta kalma ɗaya tak. Shiru.

Ina maigidan! Darakta, ka ji inda ta kai ni? Tambayar da aka fi yi mini a duniya. Kai ne maigidan, kana kwance bayan labule, wani ya yi sallama ya ce ina maigidan, ni kuma in riƙe ƙugu — "Wannan ragon? Yana can yana minshari!" Yara a titi har yau da shi suke tare ni. A wurin gwaji, duk lokacin da na iso nan, sai in ji zagin nan ya fito da kansa. Ban kira shi ba. Ranar farko kowa ya yi dariya har da ita. Ta biyu ita ba ta yi ba. Daga baya ta zo ta durƙusa gabana, ta ce, "Mama, duk wasan naki ne, amma don Allah wurin nan ki bar mini shi."

Na hau ta da faɗa mana, ka san hali. Ni za a koya wa wasa? Ta bari na sauke duka, kanta a ƙasa, ba ta kuma janye ba. Na ce to shirun nan har yaushe? Ta ce har sai kin ji kamar ƙasa ta tsage ki shige, sannan ki ƙara kaɗan.

Ban taɓa kai shi ƙarshe ba. Ko a gwajin jiya, rabi na yi na yi tari.

In na jefa yau, ɗakin nan zai tashi. Za a ce Uwar Rigima tana nan da ƙarfinta, a ɗauki hoto da ni a ƙofa. Ita kuma wasanta na farko a duniya ya mutu a bakina, a fita ba wanda ya san abin da ta rubuta. Kuma ba za ta ce komai ba, matsalar ke nan. Za ta zo ta durƙusa ta ce sannu da ƙoƙari, Mama.

Tafi kuma. An shigo da benci. Mai fitila ya ɗaga mini yatsa. Tabarau na tsaye jikin bango, ta cusa hannayenta biyu a hammata, ta kasa ko kallona. Tashi, tsohuwa. Gwiwa, ki rufa mini asiri.

Haske. Zafi a goshi. Ga ta nan — dariyar. Ban yi komai ba, tafiya kawai nake da rediyo, sun fara. Wani ya yi fito. "Uwar Rigima!" Daɗi, kar in yi ƙarya, daɗi kamar ruwan ɗumi a bayan mai ciwon baya. Ƙuguna har ya fara karkacewa da kansa… a'a. Zauna. Rediyo a cinya. Sannu da aiki, mai gyara.

Kalmomin na zuwa. Batir. Ƙafa. Suna dariya a inda ta sa abin dariya, to wannan halal ne, nata ne. Yadda yake kwana da rediyo a kunne, in na kashe ya farka ya ce yana ji… kai ma haka kake a motar tafiya wasa, baki buɗe, a taɓa rediyon ka ce wa ya aike ku. A ina ta san wannan? Ban gaya mata ba. Ko duk mazan duniya ne haka? Dariyar ta fara sirancewa. Wata a layin gaba ta daina fifita da takardar shiri.

Saura layi biyu. Ɗaya. Ɗaga kai.

"Ina maigidan, ka ce?"

Ga tsohon zagin nan ya taso. Yana maƙogwaro, yana bayan haƙora, da ƙugun da harara da komai —

"Yana can yana minshari!"

Ba ni ba ce. Wani ne daga baya, wani mai ƙaton murya, ya taya ni don ƙauna. Ɗakin ya ɗauka. Suna jira in cafe, in mayar masa, kalma ɗaya ta isa, na san wadda zan faɗa, na san har yadda zan juya ido… Bawan Allah, na gode, amma ba yau ba. Danne harshe. Dubi rediyo. Dubi wurin da yatsa ya cinye fentin maɓallin.

Dariyar na sauka. Saura can gefe. Saura mutum ɗaya… ya ji kunya ya haɗiye.

Yana can. Ai gaskiya mutumin ya faɗa, Darakta, kana can. Ranar da aka fito da gawarka ma ban yi shiru ba, ina ta ba matan gidanku labarin shirmenka suna dariya cikin kuka, aka ce na kyauta. Ban taɓa zama na rasa ka ba. Ban samu wurin ba. Sai da wata 'yar tabarau da ba ta taɓa ganin ka ba ta zo ta share mini wuri, ta kuma tsaya a kai ta hana ni cikawa.

Ƙasa, tsage. Yanzu ne. Wuyana ya jiƙe, hancina na yoyo a gaban jama'a, ba kyan gani. Sannan ki ƙara kaɗan, ta ce.

Fanka na juyawa. Wata kujera ta yi ƙara. Sai wani abu kuma, a ƙarƙashin wannan duka, mai taushi, yana shiga yana fita… mene ne? Numfashi. Numfashinsu ne. Ɗaki guda cike da mutane, ba mai tari, ba mai duba waya, suna zaune tare da ni a cikin abin nan. Duk tsawon shekarun nan a gabansu nake, ban taɓa bari na ji shi ba. Ashe ba sa guduwa. Ashe in ka yi shiru ba tashi suke su bar ka ba…

Akwai layi na gaba. Na san akwai, da "rediyon" ya fara, ko da "shi"… zai zo. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, zai zo, ban yar miki da shi ba. Na gaji ne kawai, gajiya mai daɗi, har cikin ƙashi.

Bari in ɗan ƙara kaɗan.