Karan Barira

Tsaga bakwai ce a jikin karan dawar da Barira ke sokewa a rufin ɗaki. Duk tsayuwar wata sai ta zaro shi, ta kama hannun daman mijinta Mati, ta riƙa ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa daga tabon da lauje ya bar masa ƙasa da gwiwar hannu. Inda ya ji tsir, nan za ta auna ta tsaga karan.

Likitan da ya ɗinke shi a birni ne ya koya mata. Ya ce nama kan haɗe da wuri, amma jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu sai ta sake tsirowa, kuma a wata ba ta wuce gaɓar yatsa ɗaya. Mati kuwa, mutumin da ko tuwo ba ya iya jira ya huce, shi aka ce ya zauna jiran jijiya!

Ga shi bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ƙaninsa Zubair ya zo har sau biyu, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Yaya, gonar Baba ba za ta kwana ba shuka ba. In hannun bai tashi ba, ka bar min ita bana."

Mati ya san aron gona. Bana kan zama baɗi, baɗi ta zama shi ke nan. Ya shiga ya fita, ya ɗauki sungumi, sungumin ya sulale daga yatsunsa. Tsoro ya kama shi sosai.

Sai kuma tafin hannun ya fara zugi, kamar an cusa masa barkono a ƙarƙashin fata. Ya ce ruɓa ce ta shiga. Da hantsi ya tafi da kansa ya kira Ɗantani wanzami ya yi masa sakiya.

"Malam, likita ya ce zafin nan alheri ne," in ji Barira. "Ya ce kada ƙarfe ya kuma taɓa wurin."

"Likita gona gare shi? Sa mana garwashi!" in ji Mati.

Ta kawo kaskon wuta tana share ido da bakin zane. Ɗantani ya cusa tsinken ƙarfensa a garwashi yana fifitawa. Mati ya zauna a gindin darbejiya, ya yasar da hannun a ƙasa yadda ya saba, ya kau da kai. Bakin ƙarfen ya yi jajir.

"Wash! Allah ya isa!"

Ya fizge hannun yana yarfewa. Ɗantani ya dubi ƙarfen da ke cikin wuta har yanzu.

"Haba Mati, ai ko ɗauko shi ban yi ba."

Barira ce ta gani. Cinnaka ne maƙale a gindin babban yatsa, wurin da watan jiya tafasasshen koko ya zuba, Mati bai sani ba sai da fata ta tashi. Ta ɗauko karan ta ɗora a kan hannun. Cizon ya wuce tsaga ta bakwai da gaɓa guda cur.

Ɗantani ya yi dariya, ya zare ƙarfensa ya tsoma a ruwa.

"Wannan wanzamin ya riga ni. Cinnaka, ba ka san na gida ba!"

Mati bai yi dariya ba. Daga zaure aka ji sallamar Zubair, karo na uku. Yatsun har yanzu ba su iya damƙar sungumi, ya sani, hadari kuma ba zai jira su ba. Barira ta kai hannu za ta murtsuke cinnakan, ya janye.

"Bar shi," ya ce. "Bar shi ya ƙara ɗaya, sannan ki ce wa Zubair ya shigo, na ba shi aron bana."