Mai Shiga Idan An Yanke Ƙauna

Shekara huɗu Lyle Brubaker yana sanye da rigar ƙwallon kwando ta Kwalejin Ash Creek, kuma a duk jihar Indiana babu rigar da ta kai tasa tsabta, don gumi bai san ta ba. Shi ne na ƙarshe a benci. Irinsa al'ada ta ba su lokaci ɗaya tak: idan wasa ya riga ya tabbata, ko an ci ko an sha kashi, sai koci ya sa su don su ma su taka fili. Muddin da sauran fata, ba mai waiwayarsu.

Bana sai ga 'yar ƙaramar kwalejin nan, wadda ko a jiharta ba kowa ya san ta ba, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya. Mutanen garin suka rufe shaguna suka biyo bayan yaransu. Har da mahaifin Lyle, tsohon manomin masara da bai taɓa ganin ɗansa yana wasa a rigar nan ba. Bai kuma san kan wasan ba ko kaɗan.

"Yau dai za ka buga ko?" ya tambaye shi kafin a fara.

"Baba, sai in mun ba su rata mai yawa."

"To ku ba su mana. Me kuke jira?"

Tavion, gwanin ƙungiyar kuma abokin ɗakin Lyle, ya yi dariya. "Kwantar da hankalinka, Baba. Ni zan share wa malalacin nan hanya, in gindinsa bai manne da benci ba."

Tavion ya yi iya yinsa. Amma bayan hutun rabin lokaci hannun kowa ya mutu, ƙwallo ta riƙa lasar bakin kwando tana fitowa, abokan hamayya kuwa ko ido rufe suka jefa sai ta shiga. Ratar ta buɗe, ba ta wajen da ake so ba. Lyle ya sunkuyar da kai, karo na farko a rayuwarsa yana roƙon kada a kira shi.

Saura kiris a tashi, Koci Halvorsen ya tako har ƙarshen benci.

"Tashi, yaro."

"Koci, da saura. Tavion zai iya."

"Babu saura. Tashi, mahaifinka na kallo."

Da ya miƙe, mutanen Ash Creek suka gane. Masu ihu suka yi tsit, wata tsohuwa ta naɗe tutarta ta cusa a jaka. Lyle ya san shi ne sanarwar cewa an sha kashi.

Tavion ya fito yana kuka, ya rungume shi. "Ba haka na so in share maka hanyar ba, mutumina."

 Lyle ya taka fili.

A cikin shirun nan murya ɗaya ta tashi daga can sama. Tsohon ne a tsaye shi kaɗai, yana kaɗa hularsa, yana zungurar na kusa da shi da murna.

"Ɗana ne! Ga shi can, an sa shi. Yanzu za ku ga wasa."