Bidiyon Gonar Yangoji

Malam Yamusa ba mai son hoto ba ne, amma ran da 'yarsa Mashkura ta zo Yangoji don ta ɗauke shi bidiyo, sai da ya sa aka goge masa rigar Sallah. Ɗansa Hafizu ya daɗe a Kanada, kiran gida kuwa sai ya ga dama. Tsoho ya ji ƙarfinsa na tafiya. Yana so yaron ya ga gonar da doyarta ta kai shi makaranta, ya kuma ji maganar ubansa da kunnensa.

Suka zaga gonar kaf. Ya nuna kunyoyin doya, ya nuna mangwaron da Hafizu ya taɓa faɗowa daga kansa, sannan ya zauna a gindinsa ya yi ta magana har murya ta dushe. A ƙarshe ya yi kuka, abin da Mashkura ba ta taɓa gani ba.

Bidiyon ya yi nauyi, waya ta ƙi tura shi. Da ta koma gidanta a unguwar Lugbe sai ta nufi shagon kwamfutar Ebenezer da ke bakin layinsu. Ya buɗe mata shafukan tura manyan saƙonni, yana bayani da Hausarsa ta kasuwa.

"Anti, wannan zai matse shi, fuskar Baba zai zama dishi-dishi. Wannan kuma sai ɗan'uwanka ya yi rajista."

Ta girgiza kai. Hafizu da rajista? Mutumin da amsa gaisuwa ma ke yi masa nauyi.

"To ga wannan. Dannawa kawai zai yi. In ya sauke, za su turo maki imel. Amma in ya daɗe, suna gogewa."

Shi ta zaɓa, har da murna. A ranta, da zarar imel ya shigo za ta kira Baba ta yi masa albishir.

Imel bai shigo ba. Ta duba a ofis, ta duba a cunkoson hanyar filin jirgi, har ta fara zargin wayarta. Ranar Asabar tana Yangoji sai ga kiran Hafizu, Baba ya ce a buɗe murya kowa ya ji.

"Baba, na kalla har ƙarshe. Wallahi sai da na yi hawaye. Gona ta yi kyau, masha Allah."

Tsoho ya washe baki yana ta sa albarka. Mashkura ta zame bayan rumbu ta buɗe shafin. Ba a sauke ba. Da ta dawo gari ta tambayi Ebenezer ko na'ura na iya yin kuskure, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Anti, ko taɓawa bai yi ba."

Ta kira Hafizu da kanta.

"Yaya, wace irin riga Baba ya sa a bidiyon?"

Sai ya kauce wa tambayar.

"Mashkura, ke ba ki san yadda aiki yake a nan ba. Zan kalla."

Bai kalla ba, har shafin ya goge saƙon. Ba rashin kallon ne ya fi ci mata rai ba. Wallahin nan ne, da yadda ya fito masa sumul, ba ko gargada. Ta tsani yayanta a ranar, ta kuma tsani kanta da ta je ta nemo sanin da babu wanda ya aike ta.

Baba kuwa lafiya ta samu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji labarin hawayen Hafizu. Ba a jima ba ya aika a kira Mashkura.

"Tunda yaron nan ya ji daɗi, a sake ɗaukar wani. Akwai maganganun da na manta."

Ta dubi idanunsa, ta fasa gaya masa gaskiya. Ta ɗauke shi bidiyon, wannan karon yana kwance, don ƙafa ta ƙi.

Ebenezer na ganinta ya jawo kujera.

"Anti, wancan shafi za mu sake?"

"A'a," in ji ta. "Nemo mini wanda ba ya gaya wa mutum komai."